Safar Hannun Yaya

Hannun farko da ya wanke 'ya'yana duka na yayata ne. Ita ce ungozomar unguwarmu a Madarunfa tun ina saurayi, ta gaji aikin daga gwaggonmu. Ni kuwa duk haihuwar da aka yi a gidana ina kan hanya aka yi ta. Ina Kwatano aka haifi na fari, ina Agadas aka haifi mai bi masa. Sai dai in dawo in tarar da jariri ya sha wanka yana ƙamshin man kaɗe da hayaƙin ice, Yaya na zaune kan 'yar kujerarta tana hararata.

"Ga Auta sarkin yawo," in ji ta. "Zo ka ga abin da ka bari."

Na tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, na yi dako a tashar jirgin ruwa, na yi fatauci. A hanya na tsinci Faransanci da Larabci da Julanci, da Yarbancin da zai ishe ni ciniki. Na ga yadda ake wankan jariri a wurare da yawa. Matan Ikko da manja suke fara goge shi, Larabawa da man zaitun, a Abijan kuma na ga ana yi a baho na roba mai hoton agwagwa. Ban ga wadda ta kai Yaya ba. Takan miƙe ƙafafunta ta kwantar da jaririn a kan ƙwaurinta, ƙwaryar ruwan ɗumi a dama, sabulun salo a hagu. Ta gasa masa cibiya, ta miƙar da hannuwansa, ta shafa kansa a hankali kamar mai gyaran tukunya ɗanya, tana yi masa faɗa a kan laifin da ubansa ya yi yana yaro. Jaririn da ya shigo hannunta da tsala ihu yakan fita yana barci.

Akwai lokacin da aka tara ungozomomin ƙauyuka a gidan likita aka yi musu horo. Yaya ta dawo da ɗan akwati mai almakashi da reza da sabulu da safar hannu ta roba. Ta yi alfahari da safar nan ƙwarai. In za ta sa, sai ta ɗaga hannu sama ta ja bakin robar ya yi ƙara, ta ce daga yau a riƙa ce mata Madam. Daga baya aka ce a daina karɓar haihuwa a gida, a riƙa kai mata gidan likita. Ba ta yi gardama ba. Ita ke raka su, ita ke riƙe su, ita ke binne mabiyiya, kuma wankan jariri har ranar suna ya ci gaba da zama nata. Shekaru da yawa tana sa safar nan ba ta taɓa yi mata kome ba.

Da gwiwa ta hana ni hanya na dawo gida na zauna. Yaya ta riga ta dawo gidanmu tun rasuwar mijinta, ɗakinta na kallon nawa. A daminar da nake ba da labari na fara lura da abubuwa. Ta daina sa hannu a akushi ɗaya da sauran mata. Moɗarta ta rataye ta daban a ƙusa. In yara sun rugo za su faɗa jikinta sai ta kauce ta ce tana da aiki. Kuma da tsakar rana, zafi na dukan mutum, sai ka gan ta tana tsinkar zogale da safar roba a hannu, wata mai kauri ruwan ɗorawa da ta aika aka sayo mata a kasuwar Ɗan Issa.

Na tambayi mai ɗakina. Ta dubi ƙofa kafin ta amsa.

"Hannunta ne, Alhaji. Ya lalace. A bakin rijiya har an fara cewa babbar cuta ce."

A wajenmu ba a son kiran kuturta da sunanta. Haihuwa biyu aka yi a unguwa cikin watan nan ba a aiko wa Yaya ba. Ba wanda ya ce mata kome, an dai nemi wata.

A daidai lokacin jikata ta fari, ɗiyar babban ɗana, ta zo gida goyon ciki daga Safo inda take aure. Cikin fari ne, kuma al'ada ce a yi shi a gidan iyaye. Yaya ce ta wanke uban yarinyar, ita ta wanke yarinyar kanta, kowa ya san ita za ta wanke abin da za a haifa. Sai ga saƙo daga uwar mijin yarinyar, cikin ladabi da gaisuwa mai yawa: kada a wahalar da tsohuwa, in an sauka za ta taho da mai wanka daga can. Yaya na tsakar gida aka faɗi saƙon. Ta ce madalla, ta tashi ta shiga ɗaki.

Da la'asar na same ta bayan ɗakinta za ta yi alwala. Ta cire safar ta ajiye a kan turmi. Da ta ji motsina ta yi sauri za ta ɓoye hannun a cikin zane.

"Yaya, in gani."

"Ka ga mi? Likita ka zama a yawon naka?"

"In gani dai."

Ta miƙo hannuwan tana kallon katanga. Bayan hannun ya kumbura ya yi duhu, da ƙananan ƙuraje masu ruwa a tsakanin yatsu, wasu sun fashe sun yi ɓawo, gaɓoɓin sun tsattsage. Ta ce ƙaiƙayin har cikin ƙashi take jin sa. Ta jiƙa su a ruwan kanwa, ta goga lemun tsami, ta sha saƙe-saƙi, ta shafa wani man da masu tallar magani a faranti suka ce yana kashe kowace cuta. Kowanne sai ya ƙara mata zafi. Ta ce tun da abin ya fara ta ƙudura ba za ta shafa wa ɗan kowa ba, shi ya sa ba ta rabuwa da safar, har barci da ita take yi.

Ni kuwa ba ƙurajen nake kallo ba. Inda suka tsaya nake kallo. Sun zo daidai wuyan hannu sun tsaya cak, a zagaye, kamar an ja layi da zare. Daga nan zuwa sama fatar lafiya lau.

Na taɓa ganin irin layin nan. A tashar jirgin ruwa ta Abijan muna da abokin dako, mutumin Burkina, da ƙafafunsa suka yi haka, ciwon ya hau har ƙwauri ya tsaya daidai bakin takalmin roban da ake ba mu. Ba ya jin Faransanci, ni na raka shi asibiti ina yi masa tafinta da Julanci. Likitan ya manna masa ƙananan abubuwa a gadon baya da filasta, ya ce ya dawo jibi. Da aka ɓare, wuri ɗaya ne ya tashi, wurin da aka sa sinadarin roba. A bakin likitan nan na fara jin kalmar alerji. Daga baya a Libiya na ji masu aikin siminti suna kiran irinsa hasasiyya. Mu a Hausa mukan ce abu bai karɓi mutum ba, amma mun fi faɗin haka a kan abinci ko ruwan wani gari. Ba mu cika kawo shi a kan abin da ake sawa a jiki ba.

Na ce, "Yaya, ina zaton safar nan ce ke cin ki."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Safar likita? Wadda aka ba mu don tsare cuta? Auta, yawo ya taɓa maka kai. Tun kana Agadas nake sa ta."

Na ce mu je gidan likita a duba. Ta ce ko kusa. Can kowa ya san ta, in aka faɗi sunan ciwon nan da safe, kafin azahar ya kai har garin Gabi. Gara ta zauna da zato da a tabbatar mata.

Jikata ce ta karya ta. Ta fito da cikinta a gaba ta tsaya a kanmu, ta riƙe ƙugu.

"Tsohuwa, ni fa ba wata 'yar Safo da za ta murɗe mini wuyan ɗa. In ba ke ba, da kaina zan wanke abina, in ya suɓuce ya faɗa ƙwarya ke kika ja."

"Ji marar kunya! Ke da na wanke ki kina kamar ɓera?"

"To, ɓeran ya girma. Gobe ki shirya, ni zan raka ki awo."

Washegari muka tafi mu uku a amalanken maƙwabci, ta gefen tafki. Ruwa ya cika ya shanye gindin itatuwa, masunta na ta jan koma. Yaya ta dunƙule hannuwanta cikin mayafi har muka isa.

Majo, wato babbar ma'aikaciyar gidan likitan a lokacin, Bagobira ce mai zane a kumatu, mu kuma Katsinawa, saboda haka ba a gaisuwa sai an tsokani juna.

"A'a, yau bayina ne da kansu? Inna, ina kika shige kwana biyu, mata na ta tambayarki?"

"Bagobira, rufe ƙofa tukuna, bakinku ba ya riƙe magana."

Ta rufe. Ta sa Yaya ta cire safar, ta juya hannuwan a hankali, ta daɗe tana duban layin wuyan hannu. Ta ce ta rufe ido, ta ɗauki auduga tana taɓa wurare, ta ce duk inda ta ji ta faɗa. Yaya ta ji ko'ina, har tana cewa a daina yi mata cakulkuli. Majo ta duba gwiwar hannu da fuska da baya. Sannan ta ce a cire silifa. A bayan kowace ƙafa ga sawun igiyar silifar nan ya fito, baƙi, da ɓawo, daidai yadda igiyar ta rabu biyu. Yaya ta ce wannan ai kaushi ne.

"Inna, ciwon da kike tsoro kashe fata yake yi, mutum ya taɓa wuta bai ji ba. Ba ya hana barci da ƙaiƙayi. Kuma ba ya bin sawun takalmi. Naki jikinki ne ya ƙi roba. Ba a ɗaukarsa, ko kin shafa wa jariri hannun nan ba abin da zai same shi."

"To don mi sai yanzu?"

"Haka yake. Jiki na iya haƙuri da abu shekara da shekaru, rana ɗaya ya ce ya gaji. Kuma in ya ƙi, ya ƙi ke nan, ba ya mantawa."

"Ashe Bagobiri ne."

Majo ta yi dariya har da buga tebur. Ta ƙara bayani cewa abin da ke rikita mutane shi ne ba nan take yake fitowa ba. Ka taɓa yau, sai gobe ko jibi ƙaiƙayi ya taso, lokacin hankalinka ya koma kan kifin da ka ci ko mutumin da ka gaisa da shi. Ta ce a manyan asibitoci akwai gwaji na musamman, nan ba su da kayansa, amma za ta yi abin da zai nuna wa Yaya da idonta. Ta yanki ɗan ƙyallen safar kamar faɗin farce, ta manna mata a damtse inda fata ke lafiya, ta ce kada ruwa ya taɓa, in zafi ya yi yawa ta cire, in ba haka ba ta dawo jibi.

Ta karɓe safar ruwan ɗorawan ta jefa a kwandon shara. Yaya ta bi ta da ido kamar an ƙwace mata ɗa.

Da muka koma aka ɓare filastar, ga tabo ya tashi da 'yan ƙuraje, mai kusurwa huɗu, daidai yadda almakashi ya yanka. Yaya ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Ni da hannuna nake ciyar da shi."

Maganin bai da yawa. Wani man shafawa ne a ɗan bututu, a shafa kaɗan safe da yamma na ɗan lokaci, a daina in fata ta kwanta, don Majo ta ce yawan shafa shi na sa fata ta yi laushi ta lalace. In ƙaiƙayi ya taso a ɗora tsumma mai ruwan sanyi, kada a sosa. Ban da kanwa, ban da lemun tsami, ban da garin sabulun wanki da ruwan jabel mai sa tufafi fari. Bayan kowace alwala a shafa man kaɗe tsantsa wanda ba a sa wa turare ba. In aiki ya kama na jini, dole a sa safa, amma ta ba ta wata iri mai garai-garai kamar leda, wadda ba roba ba ce, ta ce a cire da zarar an gama. Silifa kuma an rabu.

Ni na je wurin baduku a kasuwa na sa ya ɗinka mata takalmin fata irin na da, jimar bagaruwa, irin wanda innarmu ke sawa in za ta biki. Da na kawo ta juya shi ta shinshina. Ta ce rabonta da ƙamshin nan tun muna yara, lokacin da babanmu ke dawowa daga Katsina da su a cikin burgami. Muka zauna muna tuna kayan gidanmu na da, ƙwarya da akushi da faifai da tulu, duk babu roba a ciki. Ban ce da ta fi yanzu ba, don na san matan da safar nan ta tsare daga cututtuka, na kuma san nauyin tulu a kan mace. Mun dai tuna.

Hannu ya fara kwanciya. Ruwan ya tsaya, kumburi ya saɓe. Da yamma mai ɗakina kan zauna ta shafa mata man kaɗe yatsa bayan yatsa, a tsakar gida inda duk mai shigowa zai gani, kuma da gangan take yin haka. Yaya ta sauke moɗarta daga ƙusa.

Sai dai haihuwa ba ta jira mu ba. Jikata ta sauka tun ba a gama yankan gero ba, namiji, a gidan likita. A lokacin akwai sauran tsaga a gaɓoɓin yatsun Yaya da ba su rufe ba. Majo ta ce jariri ba abin da zai same shi, amma ruwan zafi da sabulu safe da yamma za su mayar da hannun baya. Na zaci Yaya za ta yi gardama. Ba ta yi ba. Uwar mijin ta iso daga Safo da mai wankanta, wata mace mai hankali da ba ta da laifin kome, aka ba ta ƙwarya.

Kwanakin nan Yaya kan jawo kujerarta ta zauna kusa, hannuwa a cinya, tana kallo. Ba ta iya yin shiru.

"Tallabe ƙeyar. A'a, ba haka ba, ɗiyata, ba kaza kike fiɗa ba."

Matar takan ce, "To, Inna," ta gyara.

Uwar mijin kuwa hannun take kallo. Fatar ta warke amma ta bar duhu tun daga yatsu har wuyan hannu, kamar an sa wata safar. Wata safiya Yaya ta lura, ta ture mayafi ta nuna mata tabon damtse.

"Hajiya, kin ga wanga? Bagobirar likita ce ta manna mini ƙyallen safa nan. Kin taɓa ganin babbar cuta mai kusurwa huɗu?"

Hajiyar ta matso ta duba. Ta tambaya ko yana zafi. Can ta ce ita ma akwai wani ɗan kunne da in ta sa kunnenta ke ruwa, ta daɗe tana zaton baki ne aka yi mata. Suka shiga hira, ni na ba su wuri.

Ranar suna da sassafe, maza sun fara taruwa a ƙofar gida, rago na ɗaure, na shiga ciki ɗauko goro. Na tarar an kawo ruwan wanka. Mai wankan Safo ta miƙa hannu za ta karɓi yaron, sai Hajiyar ta riga ta. Ta ɗauke shi ta tsallaka tabarma ta tsaya gaban Yaya.

"Inna, angonki zai fita gaban mutane yau. Ki gyara shi."

Yaya ta dubi hannuwanta, ta juya su. Tsagar ta rufe. Ta cire takalman fatar ta ajiye gefe, ta miƙe ƙafafu, ta taɓa ruwan da gwiwar hannu ta ce a ƙara na sanyi. Aka ɗora mata shi a ƙwauri yana ihu.

"Yi shiru, mijin banza, ka zo ba ko sabulu. Kakan uwarka ma ga shi can tsaye, bai taɓa ganin wankan ɗansa ba sai yau."

Gaskiya ta faɗa. Ana kirana a waje liman ya iso, na ce su ɗan jira. Na tsaya da ƙwaryar goro a hannu har ta gama, ta shafe shi da man kaɗe, ya yi barci.

Bayan sunan aka ci gaba da aiko mata daga unguwa kamar da. Ta yi wankan jarirai har ƙarfinta ya ƙare, duhun hannun ma ya washe a hankali. Sau ɗaya ciwon ya dawo, da ta ari silifar wata ta shiga kewaye a gidan biki, kwana biyu sawun igiya ya fito, ta dawo tana zagin kanta. Allah ya yi mata rasuwa bayan wasu damuna. Yaron yanzu yana lakwal, makarantar boko, in ya yi ƙiriniya uwarsa kan ce hannun tsohuwa ne ya lalata shi. Takalman fatar suna ɗakina, ƙarƙashin gado, ɗaya ya fi ɗaya cinyewa a dunduniya.